Filin da Amna Ta Kwanta

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Sati guda ke nan da dawowata Umdurman. Ƙofofin gidan duk an ciccire, har ta banɗaki, sai buhu na rataya. Amma bango yana tsaye, rufin ɗakin tsakiya bai ɓule ba, lemun tsamin da na ɗauka ya mutu ya yi toho ta gindi. Bayan shekara biyu ina kwana a zauren mutane a Gadarif, wannan ma jin daɗi ne. Na yi barci har na makara sallar asuba.

Matata Amna tana nan inda na bar ta, a filin unguwa, tsallaken titi daga ƙofarmu. Farkon yaƙi ta rasu, da wurin wankin ƙoda ya rufe. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa a lokacin, sai ni da limaminmu Malam Zainul'abidin da wani maƙwabci muka haƙa a nan. Daga baya wasu gidajen suka bi sahu, gefen filin na gabas ya zama kaburbura. Guntun kwanon rufin da na rubuta sunanta a kai yana nan, fentin ne kawai ya koɗe.

Da safe ina fito da kujera bakin ƙofa, in yi mata addu'a, in sha shayina. Ba na jin ni kaɗai ne a gidan.

Talata, 7 ga Oktoba

Mai amalanken jaki ya kawo ruwa. Na yi wanka da bokiti cikakke, ban rage ko kofi ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na hura gawayi a kusurwar titi inda na saba tun kafin yaƙi. Naman kaɗan na saya, don ban san ko mutane suna da halin cin agashe, tsirenmu na nan, yanzu ba. Kafin isha'i ya ƙare. Wani direban raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya tsaya ya ce tun daga kwanar asibiti ya ji ƙamshin ƙuli da yaji, ya ce wa fasinjansa wallahi Muntari ya dawo. Hannuna bai manta yanka ba. Gwiwa ce dai ta fara gardama da tsayuwa.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Yaran unguwa suna buga ƙwallo a ragowar filin, wajen yamma, tsakanin ramuka da ƙarafan wata mota da ta ƙone. Idan ƙwallon ta gangaro wajen kaburbura sai su yi tsit, ɗaya ya cire takalmi, ya yi sallama, ya ɗauko. Ba wanda ya koya musu. Yau ta tsaya daidai kan Amna, na ji mai ɗaukowa yana cewa "Afuwan, Hajja." Na yi dariya ni kaɗai. Da tana raye da ta leƙo ta katanga ta ce su yi hankali da tukunyarta.

Laraba, 22 ga Oktoba

Munir ya zo wurin agashe, bai saya ba, ya tsaya yana juya makullin babur. Ɗan marigayi Alu tela ne, yanzu shi ne mai magana a lajna, kwamitin unguwa. Tun yana yawo ba wando na san shi, yau ga shi da furfura a gemu bai kai talatin da biyar ba.

Ya ce mahalliya, wato ƙaramar hukumarmu, ta ware kuɗi don gyara filayen wasa a wasu unguwanni, kuma namu yana ciki. Za a baje ƙasa, a kafa raga, a sa fitilu masu aiki da rana, a yi lilo na ƙananan yara, a zagaye filin da hanyar tafiya don mata da tsofaffi. Na ce madalla. Sai ya sunkuyar da kai ya ce amma sai an kwashe kaburburan an kai babbar maƙabarta tukuna. Likitoci za su zo da ma'aikata, iyalai su tsaya a kai, komai da mutunci. Yardar kowane gida ake nema.

Na ce masa unguwar da ba ruwan famfo ita ce za a yi wa lilo? Ya ce kuɗin ruwa daban ne, wannan na matasa da wasanni ne, ba a juya shi. Idan ba mu shirya ba kafin ƙarshen shekara, wata unguwa za a ba. Na ce to a yi wa kaburburan katanga, a yi ƙwallon a gefe. Ya ce sun tambaya, an ce ba za a zuba kuɗin hukuma a filin da ke da gawa ba.

Na ce masa a'a. Ban ɗaga murya ba. Ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "To Ammu, ka yi tunani." Na naɗe masa tsinke biyu a takarda, ya ƙi karɓa, na cusa masa a aljihu.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Lemun tsami ya fitar da fure. Da wuri haka?

Juma'a, 31 ga Oktoba

Bayan sallar Juma'a na tare Malam Zainul'abidin, ina tsammanin zai goyi bayana tunda tare muka haƙa. Ya ce ɗaga mamaci don maslaha ya halatta, musamman wanda larura ta sa aka binne shi inda ba maƙabarta ba. Ya ce amma halas daban, dole daban, shi ba zai matsa mini ba. Sai ya shiga tambayata ko ina samun naman rago mai kyau, don matarsa tana kwaɗayi. Haka yake tun muna samari, ba ya barin magana mai nauyi ta daɗe a baki.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na lura da samarin da ke zama a gindin katangar makaranta. Tun hantsi har magariba, ba aiki, ba karatu, ba ma hira sosai. Wasunsu sun ga abin da bai kamata mai shekarunsu ya gani ba, ana gane su a ido. Munir ya ce su yake ji, ba yara masu lilo ba. Ya ce idan da fili da gasa tsakanin unguwanni, aƙalla za su gaji su yi barci.

Ni ban hana kowa barci ba. Na rubuta wannan don in tuna ban hana ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Dela maƙwabciyarmu ta aiko mini da kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, da miyar kuɓewa, na kai mata kwanon da kaina. Ɗanta Hussein yana kwance kusa da Amna, harsashi ya same shi yana ɗebo ruwa. Na ɗauka ita ce za ta fi kowa ƙi. Ashe ita ta fara cewa ta yarda.

Na tambaye ta dalili. Tana tankaɗen gari, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baban Shamsiyya, kai kana buɗe ƙofa don ka gan ta. Ni tun da na dawo tagar nan a rufe take don kada in gan shi. Ɗakin ya yi zafi, ga duhu, amma na kasa."

Na ajiye mata kwanon. Na yaba miyar, na fito.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

An dawo da wuta na ɗan lokaci da rana. Duk layin ya ɗauki guɗa kamar an kawo amarya. Ba ni da abin da zan kunna, ko ƙwan fitila babu, amma na ji daɗi.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Lajna ta yi taro a harabar masallaci bayan la'asar. Munir ya ce duk gidajen sun amince, har waɗanda ke Masar an same su a waya, saura gida ɗaya. Bai faɗi suna ba, kowa kuma bai kalle ni ba, wanda ya fi kallon ciwo. Wani daga baya ya ce a yi kawai, mutum ɗaya ba zai tsayar da unguwa ba. Liman ya ce a'a, wanda ya haƙa da hannunsa shi ne zai ce a tone, idan kuɗin ya wuce ya wuce, Allah ya kawo wani. Aka shafa fatiha aka tashi.

Na shirya faɗa, na tanadi maganganu tun daga gida, ba wanda ya ba ni dama. Da yamma Munir ya zo ya sayi agashe kamar kullum, ya tambayi gwiwata. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 18 ga Nuwamba

Ciniki lafiya. Na samu kafinta zai yi mini ƙofar waje da katakon tsohon gado.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

'Yata Shamsiyya ta zo daga Alhilla Kuku, mota biyu ta hau da tsohon ciki, na yi mata faɗa. Ita kaɗai Allah ya bar mana. Ta share gidan duk da na hana, ta dafa waken ful da man riɗi irin na uwarta, muka ci a kwano ɗaya kamar tana ƙarama.

Da rana ta yi sanyi ta tsallaka wurin Amna, ta daɗe. Da ta dawo na soma ba ta labarin Munir da filinsa, ina jiran ta ce kada in yarda. Ashe Dela ta riga ta gaya mata a waya. Ta ce ita ba ruwanta da ƙwallo, abu ɗaya take so ta tambaye ni.

"Baba, ranar da Allah ya ɗauke ka, ina za mu kai ka?"

Na ce maƙabarta mana, yanzu ai hanya a buɗe take.

"To ita fa? Kowa an kwashe nasa, kai ma ka tafi can. A bar ta ita kaɗai a bakin titi?"

Na ce mata dare zai yi mata a gada, ta tashi. Na raka ta har tasha. A hanya ba mu ƙara tada maganar ba, sai zancen sunan jariri. Ta ce idan mace ce an riga an san sunan.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Ban hura wuta ba yau. Na ce wa masu tambaya nama ne bai yi kyau ba.

Talata, 25 ga Nuwamba

Na je babbar maƙabarta ban gaya wa kowa ba. Da nisa, sai an sauka daga mota an taka. Mai gadin, wani dattijo mai carbi a wuya, ya nuna mini sabon ɓangaren da ake kawo mutanen filaye da na tsakar gidaje. Layi-layi, ƙasa ja mai tauri, an dasa ƙananan itatuwan darbejiya ana ba su ruwa da jarka. Ba haushin kare, ba ƙarar raksha. Na nemo kabarin uwar Amna a tsohon ɓangare, da ƙyar na gane shi, bai yi nisa da wurin ba.

Na tambayi dattijon ko ana iya barin gurbi a gefen mutum. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce alkawari ba ya yi, don ba shi ke tsara tafiya ba, amma ƙarshen layi yana da sarari, kuma yana da kyakkyawar tunawa. Muka sha jabana tare, gahawarsa ta ji citta.

A mota ina dawowa na yi ta tunanin tafiyar. Kullum ba za ta yiwu ba. Juma'a-Juma'a dai, idan gwiwa ta yarda.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Na gaya wa Munir na yarda. Ya buɗe baki zai yi godiya, na ce kada ya soma, ba don ƙwallonsa na yi ba. Sharaɗina ɗaya, ni zan sa ta a sabon wurin da hannuna, kuma a ƙarshen layi.

Laraba, 10 ga Disamba

An yi.

Likitoci da ma'aikata sun zo da sassafe da fararen kaya da safar hannu, suka kafa labule kewaye da wurin. Mutanen unguwa suka tsaya daga nesa, shagunan layin duk a rufe. Likitar da ke jagorantar su, Dakta Hanan, ta zo ta gaishe ni da sunana, ta ce idan ina so in tsaya a waje ba laifi. Na ce zan shiga. Abin da na gani nawa ne, ba zan rubuta ba. An sa ta a sabon likkafani, fari tas, ba irin zanin gadon da muka naɗe ta da shi ba a wancan lokaci. Wannan kaɗai ya sanyaya mini zuciya fiye da yadda na zata.

Samarin gindin katanga su suka ɗauki makara, ba wanda ya sa su. A maƙabarta mutane sun yi sahu har uku. Ranar farko mu uku ne, muna sauri, muna sunkuyawa idan an yi harbi. Yau liman ya yi addu'a a tsanake har ƙafata ta yi sanyi. Hussein yana layi ɗaya da ita. Dattijon mai gadi ya tsaya a ƙarshen layin, ya nuna mini sararin da haɓa.

Dela ta dafa abinci, aka ci a gidana. Gidan bai taɓa cika haka ba tun bikin Shamsiyya.

Alhamis, 11 ga Disamba

Na fito da kujera da safe, na mayar da ita ciki. Shayi a tsakar gida.

Juma'a, 19 ga Disamba

Na je wurinta. Na kai jarkar ruwa don itacen da ke kusa. Dawowa na tarar motar baje ƙasa ta iso, tana ta gurnani, yara suna bin ta a baya. Na shige gida ban tsaya ba. Na mayar da teburin agashe ɗaya kusurwar, wajen gidan burodi. Can ma akwai mutane.

Asabar, 27 ga Disamba

Shamsiyya ta sauka lafiya. Mace. Alhamdu lillahi. Na riƙe ta, ba ta kai nauyin cinyar rago ba, hancin kuwa na gidanmu ne, Allah ya ba ta haƙuri. Za su zo nan su yi arba'in, Dela ta ce ita za ta kula da wankan jego.

Litinin, 5 ga Janairu, 2026

Gida ya cika da kukan jariri da hayaƙin turare. Ina kwana a zaure, kuma ban damu ba. Ana ce mata Amna ƙarama, ni dai har yanzu bakina bai iya ba, "yarinyar" nake cewa.

Aikin fili ya tsaya kwana biyu, an ce ana jiran sauran kuɗin daga mahalliya. Tsofaffi a masallaci suka ce dama sun faɗa. Munir ya yi ta zirga-zirga zuwa ofis har babur ɗinsa ya lalace. Na ji haushi, ban san na wa ba. An tashe ta daga wurin, sannan a bar shi kango?

Laraba, 14 ga Janairu

Sun dawo aiki. An kafa sandunan fitila. Ba irin wanda aka yi alkawari ba ne duka, lilo biyu ne maimakon jere, ragar ma samari ne suka ɗinka da igiyar kamun kifi daga Aljirif. Amma ƙasar ta kwanta sumul. Shamsiyya ce ta gaya mini, tana leƙawa ta ƙofa.

Juma'a, 23 ga Janairu

Dela da wasu mata suna zagaya filin bayan asuba, da lafayarsu ta tobe da takalman roba, suna tafe suna gulma. Ta ce likita ya daɗe yana ce mata ta riƙa tafiya saboda sukari, ba ta da inda za ta taka. Ta ce in zo in gwada ko gwiwata za ta saki. Na ce ni tsayuwar da nake yi a bakin wuta ta ishe ni.

Juma'a, 6 ga Fabrairu

Da safe maƙabarta. Itacen ya yi sabon ganye.

Yau aka buɗe filin da wasa tsakanin unguwarmu da ta bayan kasuwa. Munir ya aiko a ara masa benci don baƙi daga mahalliya. Ba wanda zan aika, sai na ɗauka na kai da kaina, da niyyar in ajiye in juyo. Mutane sun cika, hanyar fita ta toshe, liman kuma ya matsa mini wuri. Zama na ɗan lokaci ne.

Wani dogon yaro cikin samarin gindin katanga, wanda ba ya magana da kowa, ashe mai tsaron raga ne. Ya tare ɗaya da ƙafa, ya tare wata da ƙirji. Alƙalin wasan kuwa ko makaho ya fi shi, an kwashe ɗan wasanmu a gaban raga ƙiri-ƙiri ya ce a ci gaba. Mun ci ɗaya ana dab da tashi. Ban san lokacin da na miƙe ba, liman ya ce hulata ta faɗi har sau biyu.

Sai da aka kira magariba na tuna ban duba gefen gabas ba. Na duba. Duk ƙasa ɗaya ce, sawun takalma ko'ina, ban iya cewa nan ne ko can ba. Na tsaya kaɗan, na yi mata addu'a daga inda nake, na ɗauki bencina.

Munir ya ce ranar Talata akwai wani wasan, kuma mutane suna tambayar agashe. Na ce zan duba, wajen gidan burodin ma ba laifi, iska ce dai take kaɗa wuta a can.

Shamsiyya ta tambaye ni me ya sami muryata ta dishe. Na ce hayaƙin gawayi ne. Ta ce ai yau ban hura ba.